Muzurun Gwaggo da kifin sadaka

Ranar da Allah ya karɓi Gwaggo, mu da ke cikin ɗakin ba mu da yawa, kuma zan faɗe mu duka don kada gobe wata ta ce tana wurin alhali ba ta nan. Akwai matar liman, ita ta yi wankan. Akwai ɗiyar marigayiya, ita ke miƙa ruwa. Akwai jikarta, wadda wannan ɗiyar ta haifa, budurwa ce lokacin, an tsayar da ita bakin ƙofa ta riƙe labule. Akwai uwar saurayin da ke neman jikar, ta zo daga garin Abu Hujar dubiya, ta kwana, sai ta taka rasuwa. Sai ni, matar ɗan ƙanen Gwaggo. Maza suna waje ƙarƙashin rakuba, rumfar karan da ke ƙofar gida: mijina, da liman, da ɗana na fari, masunci, da mutanen unguwa. Daga Allah muke, wurinsa kuma kowa zai koma, da mai sauri da mai jan ƙafa.

Rana tsaka ce, irin wadda ko kaza ba ta motsi. An gama wanka, an sa ta a likkafani bisa angarib, gadon igiyar da ta yi jinya a kai, ƙasan ɗakin duk ya jiƙe. Sai muzurunta ya ratsa tsakanin ƙafafun jikar ya shigo. Baƙi ne, mai ɗan fari a wuya. Bai dubi kowa ba. Ya shige ƙarƙashin gadon, daidai saitin kan gawar, ya tsuguna bisa damshin ƙasa ya ƙame, wutsiyarsa na rawa. Sannan ya saki kuka. Na haifi 'ya'ya, na binne waɗansu, na san kukan jinjiri idan ciki ya murɗe masa. Irinsa ne sak. Da ya tashi, ɗigon jini ne a wurin, ƙanana, kamar an yayyafa ruwan lalle.

Matar liman ta saki ƙwaryar hannunta. "Ya Sattar," ta ce, "Ya Sattar." Ɗiyar marigayiya ta toshe bakinta da hannu. Baƙuwar Abu Hujar ba ta yi salati ba. Ta ja tob ɗinta, lulluɓin matan nan, ta rufe hanci, ta dubi gawar, ta dubi muzurun, sannan ta juya ta dubi jikar tun daga kai har ƙafa, a hankali, kamar mai tayin akuya. Wannan kallon ya fi kukan ba ni tsoro.

Don kowa ya san abin da ake cewa. Mayya idan ta mutu, abin da ke cikinta yakan nemi inda zai koma. Kuma maita a nono ake shanta, uwa ta ba ɗiya, ɗiya ta ba tata. In kalmar nan ta hau lori ta sauka Abu Hujar, ba auren nan kaɗai zai mutu ba. Jikar ba za ta ƙara samun mai tambaya ba daga nan har Madani, Gwaggo kuma ta kwanta a kabari da sunan da ba nata ba. Shi ya sa na sa a rubuta yadda take, tun da ni na zauna da ita, kuma ni ba na kallon abu sau ɗaya in ce na gani.

Tana yarinya aka taso da ita daga yamma, a ƙafa, bisa hanyar Makka. Iyayenta suka tsaya bakin bahar, babban kogin nan namu, su yi noman shekara guda su ƙara guzuri. Shekarar ce ba ta ƙare ba har yau. Gajera ce, busasshiya, ba ta dariya sai abu ya isa dariya. Jabanarta, gahawar da take sha, ba sukari. Rumbunan gidan duka a hannunta suke, babu mai ɗibar dawa ko ta tuwon dare ba da saninta ba. Saboda rumbunan nan take riƙe da kyanwa. A bakinmu mussa muke cewa, yaran yanzu kadisa suke cewa irin na Larabawa. Ba ta shafa su, ba ta yi musu magana kamar mutane. Takan ce, "Ba ƙawayena ba ne, 'yan aikina ne. Wanda ya tsare maka hatsi ka duba lahiyatai."

Duba lafiyar nan ce ta jawo mata ido. Kasake ta jera a gidan, wani gindin rumbu, wani bayan ɗaki, wani ƙarƙashin darbejiya, kullum ta wanke su ta zuba sabon ruwa. Ta ce mussa ba ta shan ruwan da ya kwana, kuma ba ta sha kusa da inda ta ci. Bayan rumbu kuma akwai wurin da take baza toka ta lailaye da tafin hannu, nan suke zuwa su yi fitsari. Da safe sai ta tsuguna da tsinken tsintsiya tana tona. In ta ga tokar ta jiƙe da faɗi, sai ta miƙe ta tafi harkarta. In ta ga ɗigo-ɗigo nan da can, ranar ba mai jin daɗinta a gidan. Masu wucewa bayan danga suna hango tsohuwa tsugune kan toka, tana zane da tsinke, bakinta na motsi. Ni na sha tsayawa kusa da ita. Gwiwoyinta take zagi.

Mun yi faɗa da ita a kan ludayi. Duk ranar da na ɗora ɗanyen kifi, kafin in sa gishiri ko kanwa sai ta zo ta ɗebi romon farko da ɗan tsoka, ta fifita ta kai gindin rumbu.

"Gwaggo," na ce, "maigidan bai ci ba, mussa za ta riga shi?"

"Maigidanki shina da baki. In ƙishi ya kama shi, shi ce a ba shi ruwa. Wanga ko bai san ƙishi ba sai ya kusa kashe shi. Ruwan wanga cikin ɓera yake, tare da nama yake cinsa. Ranar da babu ɓera, tukunyarki ce ɓeran."

Har yau ina cewa ludayin farko na maigida ne, kuma na gaya mata haka a fuskarta. Mun daɗe ba ma gaisawa sai da ido. Amma gishirin, ban ƙara sawa ba sai ta ɗiba.

Sai aka gama hazzan, madatsar nan ta wajen Damazin. Ruwa ya taru ya cinye gonaki da kurmi, kifi ya yi yawa har ya ishi mutane. Mazanmu da dama suka ajiye fartanya suka kama taru. Aka shiga yin kajek, kifin da ake tsagawa a shanya a igiya har ya bushe kamar itace, wani kuma a dandaƙe shi da gishiri a garwa. Bayan kowane gida tulin kawuna da ƙaya. Mussoshin gari suka daina farauta, suka yi ƙiba, gashinsu na sheƙi.

Daga nan kuka ya fara. Kullum da rana tsaka, lokacin da mutum ba ya son jin komai a waje. Muzuru ya zo ya tsuguna a bakin ƙofar mutane, ko bisa tabarmar salla, ko cikin tire, ko gindin randa, ya yi kukan nan na jinjiri, ya bar ɗigon jini. Bayan 'yan kwanaki a tsince shi a mace, cikinsa tauri. Mazan ne kawai, matan ba safai ba. Aka ce mutanen ruwa ne da hazzan ya cinye wa gidaje suka fito suna neman masauki. Wani ya toshe ƙofar ɗakinsa ya huda wata ta baya. Wata ta ƙone tabarmar mijinta sabuwa fil.

Na Gwaggo kaɗai ne ba su yi kuka ba. Da farko aka ce sa'a ce. Daga baya, in na isa wurin ɗibar ruwa sai hira ta mutu.

Ba ta ɓoye wa kowa ba. Ta gaya musu busasshen kifi ne da gishiri da rashin ruwa. Amma wa zai yarda abin da yake ba 'ya'yansa su ci su yi ƙiba shi ke kisa? Ɗana ma bai yarda ba. Wata rana ya juye kwandon kawuna gindin rumbu, da zuciya ɗaya. Ta tattara su tsaf, ta ɗora a kai, ta bi shi har bakin bahar inda maza ke gyaran taru, ta juye masa cikin jirgi. Jika yake a wurinta, da maigida take kiransa.

"Kai maigidan banza, wanga ne toshin da ka kawo mini? Ƙaya da gishiri?"

"Haba tsohuwa, ke da ba ki da haƙori? Na yaranki na kawo. Ko ƙyashi kike yi musu?"

"Ka ƙara. Kai zan ɗaure gindin rumbu, in ba ka kajek sahe da marece, in ɓoye randa, mu ga mi za ka hitar."

Maza suka tuntsire da dariya, shi ma ya yi. Ya ɗauka wasan jika da kaka ne.

Akwai makauniya a maƙwabtanmu, mijinta ya mutu, muzurunta ne ke kwana a ƙafafunta. Da nata ya fara kukan, 'ya'yanta suka ce a kore shi. Ta lalubo danga har gidanmu tana hawaye. Gwaggo ta bar tankaɗe ta bi ta. Ta ɗora shi a cinya, ta lallatsa mararsa da yatsu biyu, ta ce, "Shina ɗiga tukuna, da sauran rabo." Ta zauna da shi cikin zafin nan tana gasa masa mara da tsumma mai ɗumi, tana ɗura masa romo marar gishiri da ɓawon makankari, kaɗan-kaɗan, yau da gobe da jibi. Ta ce hanyar fitsarin namiji siririya ce kamar tsinke, abu kaɗan ke toshe ta, ta mace kuwa da ɗan faɗi. Me ke toshewar, ta ce ba ta sani ba, ba ta taɓa shiga ciki ta gani ba. Muzurun ya tashi. Ta kai wa makauniyar kasko daga cikin nata, ta kama hannunta ta nuna mata inda ta ajiye.

Amma an kawo mata wani daga ƙasan gari, ta taɓa sau ɗaya ta ce, "Wanga ya rufe. Mara kamar goruba. Tahi ki gina rami." Washegari ya mutu. Mutane ba su riƙe na makauniya ba. Wannan suka riƙe, cewa ta faɗa kuma ya faru.

Ciwon Gwaggo ya fara ne bayan kaka, ƙafa ta kumbura, sannan ta kwanta. Ni ina Jazira lokacin, mun tafi cirar auduga a hawasha, gonar wani ɗan'uwan mijina, sai da aka aiko cewa jiki ya yi nauyi muka dawo. Abin da na fara gani da na shigo gidan shi ne kasake. Duk a bushe, wani har kaza ta yi wanka da ƙasa a ciki. Gindin rumbu kuma ƙayar kifi ce tuli.

Ga yadda aka yi. A wurinmu mai zuwa dubiya yakan fitar da sadaka a madadin mara lafiya, kuma an fi so a ba mai rai wanda ba zai iya ramawa ba. Kowa ya san baƙin muzurun nan nata ne. To, duk wanda ya zo gaishe ta sai ya ciro kajek mai kyau daga aljihu ko bakin zane, ya jefa masa, ya ce Allah ya kai ladan ga tsohuwa. Da masu sonta, da masu tsoronta, don su ma suna so ya shaide su da alheri. Ɗana ya fi kowa, shi mai tsokar yake zaɓo masa. Jikar tana fama da wanki da juyin mara lafiya, wa zai tuna da kasko? Muzurun ya bar rumbu ya tare bakin ƙofar ɗakinta, ya yi ƙiba, ba ya ko ɗaga kai in ɓera ya gifta. Na yi faɗa, na share ƙayar, na cika kasake, na dafa romo. Ya sansana ya juya. Bakinsa ya saba da gishiri.

Gwaggo ta daina magana kafin in iso. Ana gobe za ta cika, ina zaune ina yi mata fifita, sai ya hau gadon ya kwanta a gefenta, abin da ba ta taɓa barinsa ya yi ba. Hannunta da ya kwana biyu bai motsa ba ya taso a hankali, ya bi bayansa, ya zagaya ƙasan cikinsa. Yatsu biyu suka latsa. Sannan ta buɗe ido ta dube ni. Ba ta dubi ɗiyarta ba, ni ta duba, ta daɗe, har na kawar da kai.

Allah ya jiƙanta, ya sanyaya mata makwanci yadda ta sanyaya wa marasa baki.

Bayan an kai ta, mata suka zazzauna a tsakar gida. Jikar ta zagaya da shayi. Da ta iso gaban baƙuwar Abu Hujar, matar ta ɗora hannu bisa cinya ta ce azumi take yi. Ni kuwa da idona na ga ta sha ruwa da hantsi. Yarinyar ta tsaya da tiren a hannu.

Matar liman ta matso kusa da ni. "A sa shi buhu a kai bahar tun rana ba ta hwaɗi ba," ta ce. "A huta."

"Wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa," na ce. Don in ya tafi cikin buhu, maganar ta tabbata ke nan.

Na ɗauke shi na kai inuwar rumbu. Na latsa inda na ga tana latsawa. Goruba. Duk da haka na gasa, na ɗura romo, ya dawo da shi a kan zanena. Na wanke hannu na je na zauna kusa da baƙuwar, na yi mata bayanin kifin sadaka tun daga farko. Ta saurara har na gama.

"Hajja, kajek kowa na ci," ta ce. "Gidan wanga babu faɗi ne? Mi ya sa bai tsuguna ko'ina ba sai ƙarƙashin gawa?"

"Sanyi yake nema. Mai wannan ciwon inda ƙasa ta jiƙe yake bi."

"Ke kinka ce." Ta gyara tob. "Ni dai lorin sahe zan bi."

Da almuru ya ja jiki ya koma ɗakin da aka yi wankan, ya kwanta inda gadon yake a da. Ya daina kuka, numfashi kawai. Ina tsaye bakin ƙofa sai jikar ta zo ta tsaya bayana.

"Inna," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "in gaskiya ne fa? In abin shina jikina ban sani ba?"

"Rufe mini baki," na ce. Ta rufe. Amma na ga ta ɓoye hannayenta cikin zane, kuma da ƙaramin ƙanenta ya rugo zai rungume ta, sai ta ja baya.

Da safe na same shi ya sandare.

A wurinmu ba a sa wa mussa ƙarfe, da rai ko a mace. Ana cewa tana da dangi a inda ba ma gani, kuma suna bin bashin jini. Gwaggo kanta ba ta taɓa yi ba, a tsumma take naɗe su ta binne. Ni kuma ban san abin da zan tarar ba. In na buɗe babu komai, na gama da yarinyar da hannuna, na kuma ƙara kaina a cikin zancen.

Na yi salla. Na ɗauko wuƙar gyaran kifi na wasa ta a bakin dutsen niƙa, ƙarar ce ta tada waɗanda ba su tashi ba. Na shimfiɗa tsohon buhu a tsakiyar gida inda rana ta fara sauka, na kwantar da shi. Matar liman ta ja da baya har ta bugi danga. Baƙuwar ta riga ta ɗaure kayanta, tana tsaye da ƙunshin a hannu.

"Ajiye ki matso," na ce. "Jiya kin duba da kyau. Yau ma ki duba."

Na yi bisimilla na tsaga. Mafitsarar ta kumbura kamar lemon tsami babba, ta yi baƙi-baƙi. Na tara ƙwarya na huda. Ruwan jini ya zubo da wari. Na tsiyaye a hankali, na ƙara ruwa mai kyau na sake tsiyayewa, yadda ake rairayar gero. A gindin ƙwaryar wani abu ya kwanta, fari-fari, yana ƙyalli a rana.

Na kama hannun baƙuwar, ta fisge, na sake kamawa. Na lakato da yatsa na shafa mata a tafi.

"Murza."

Ta murza. Ana jin ƙarar abin tsakanin yatsunta.

"Yashi ne," ta ce. Ta kai kusa da ido. "Kamar an daka ƙayar kihi."

"Sadakarmu ce," na ce. "Ke ma shekaranjiya kin jefa masa."

Can bakin hanya lori ya yi oda. Ba ta waiwaya ba. Ta daɗe tana kallon tafinta, sannan ta miƙo hannu ta karɓi ƙwaryar, ta kwashe sauran yashin tsaf ta ƙulle a bakin tob ɗinta, ƙulli biyu.

"A gida za su tambaye ni," ta ce. Ta zauna bisa ƙunshin kayanta, ta ɗaga kai ta nemi jikar da ido. "Ke ɗiyata, ina shayin nan na jiya? Da hannunki za ki zuba mini."

Ni kuwa na naɗe muzurun a tsohon ɗankwalin Gwaggo, na ɗauki fartanya na zagaya bayan gida. Ɗana ya biyo ni, idonsa jawur, ya miƙo hannu zai karɓi fartanyar. Na ba shi. Na tsaya a kansa har ramin ya yi zurfin da nake so.